Shan Iska a Baranda

Tun ina ƙarama ake ce mini Sarkin Tambaya, kuma sunan bai taɓa ɓata mini rai ba. Idan abu ya shige mini duhu ba ni da sukuni sai na ji dalilinsa. Shi ya sa ranar da likita ta ɗora na'urar hoto a kan cikina ta ce, "Ai biyu ne, kuma da alama duk mata," maimakon in yi hamdala kamar mutanen kirki sai na ce, "To yaya suke raba abincin?"

Inna, mahaifiyar maigidana, ita ta rako ni awo. Ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke 'yar nan, ki ce alhamdulillahi tukuna."

Likita ta yi dariya, ta nuna mini su a allo, ga ɗaya a dama ga ɗaya a hagu. Ta ce mabiyiya ɗaya suke rabawa, kowacce da cibiyarta. Daga ranar muka sa musu Ta Dama da Ta Hagu. Da za mu fita sai ta juya ga Inna ta ce, "Mama, a kula da ita. Ta rage zaman keke, ta ci abinci sosai, ta riƙa shan iska."

Duk cikin maganar, shan iskar nan Inna ta ɗauka ta ƙulle a bakin zane.

Gidanmu bene ne a bakin mararraba. A ƙasa shagon maigidana yake, gyaran janareta yake yi. A sama akwai falo, kicin, ɗakin kwana, sai wani ɗan ɗaki can baya inda nake ɗinkin kayan makaranta, yawanci fararen riguna. Tagar ɗakin filin wata makaranta take kallo, mai bishiyoyi. Baranda kuwa tana gaba, a kan titi, daidai saman ƙofar shago.

Mahaifiyata ta rasu tun ina budurwa, don haka Inna ta haɗo kayanta ta tare a falonmu. Washegari na shiga ɗakin ɗinki na tarar ta lulluɓe kekena da zanen gado, ta ɗaure shi da igiyar shanya kamar akuyar da za a kai kasuwa.

"Inna, cewa aka yi in rage."

"Irinku ba ku san ragi ba. Ɗakin nan ma ko iska babu, kamar cikin akwati. Wuce baranda."

Kullum da la'asar sai ta shimfiɗa mini bargo a kujerar roba, ta sa mini filo a baya, ta ɗora ƙafafuna a kan bokiti, ita kuma ta zauna a bakin ƙofa kamar mai gadi. Ba na tashi sai an kira magariba. Idan na ce kaina yana sarawa ta ce laulayi ne. Idan na ce ina jin tashin zuciya ta ce ai biyu ne, ko ɗaya ma ya yake. Na yi mita har na gaji. Na kai ƙara wajen ɗanta, ya sosa ƙeya ya ce, "Ai likita ce ta faɗa." Shi mutum ne da zai kwance inji gutsi-gutsi ya mayar, amma a gaban Inna bakinsa mutuwa yake yi.

Gaskiya daga baya zaman ya fara yi mini daɗi, don akwai abin kallo. Ƙarƙashin barandar nan motocin haya suke lodi. Na lura direba ba ya kashe mota yana jiran fasinja. Sai ya yi ta taka totur, ya ɗan gusa gaba, ya dawo baya, motar kuwa ko rabi ba ta cika ba. Na tambayi maigidana dalili, ya ce don mai tahowa daga nesa ya zaci yanzu za a tashi, ya rugo ya shiga. Na sha dariya ranar. Har na kai ina gane motocin da muryarsu, akwai mai tari, akwai mai gurnani, akwai wata shuɗiya da idan ta tashi sai ka daina ganin mai sayar da katin waya na tsallake.

Shi ma shagonmu da yamma yake cika, lokacin da masu janareta suka taso daga aiki. Babu mai ɗaukar injinsa sai an tayar masa ya ji da kunnensa, a bar shi ya yi ta ruri. Maigidana kuma yana da kara, ba ya son hayaƙi ya bugi masu wucewa, sai ya jera injinan a bakin ƙofa ya juya salansarsu ta kalli bango. Wannan ma na gani, har na yaba masa a raina.

Da muka koma awo, likita ta daɗe tana auna Ta Hagu. Ta auna kai, ta auna ciki, ta auna cinya, ta sake komawa kan cikin. Na sha jinin jikina.

"Lafiya, likita?"

"Ta Dama tana tafiya daidai. Ta Hagu ce aka ɗan bari a baya. Za mu sa ido."

Zuwa na gaba ratar ta ƙaru. A allo ma ko ni da ban iya karatun hoton ba na ga bambancin, kamar ya da ƙanwa. Likita ta ajiye na'urar ta gaya mana ba tare da kwana-kwana ba: idan Ta Hagu ta ci gaba da tsayawa, dole a ciro su kafin lokaci, kuma ƙaramar jaririya irin wannan ba kullum take jurewa ba. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Sai ta shiga tambayoyi.

"Akwai mai shan taba a gidan?"

"Allah ya kiyaye," in ji Inna.

"Da me kuke girki?"

Na ce gas.

"Tana samun hutu?"

Inna ta gyara zama, ta karɓe maganar. "Keken ma na ɗaure shi. Kullum tana shan iska, tun la'asar har magariba, ni da kaina nake tsare ta. Ko rana ɗaya ba mu yi fashi ba."

"Madalla, Mama. A ci gaba da haka."

Muka dawo gida, aka ƙara mini lokaci. Yanzu tun kafin la'asar ake fitar da kujera.

Abin da ya hana ni sakat shi ne tambaya ɗaya. Uwa ɗaya, abinci ɗaya, ruwa ɗaya, ina Ta Hagu take baro rabonta? Ina zaune a baranda sai in dafa gefen hagu in ce, "Ke, me ake hana ki a ciki?" Ta Dama ta yi ta harbi kamar mai wasan ƙwallo, ita kuwa sai can ta ɗan motsa.

Hannuna ba ya iya zama haka nan, don haka na saci allura da zare ina yi musu 'yan riguna da guntayen farin yadin da suka rage mini. Wata rana na gama shafa basilin a cikina saboda ƙaiƙayi, na ɗauki wata 'yar riga da hannun, aka kira magariba, na manta ta a kan ƙarfen baranda. Sai bayan kwana biyu na tuna da ita. Rigar ta ɗan yi duhu, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma inda yatsuna masu maiƙo suka taɓa, shatinsu ya fito baƙi ƙirin, har ana ganin zanen fatar yatsa.

Na juya ta, na shinshina, na murza da farce. Ba ƙasa ba ce, ƙasa ja take ko ruwan toka, kuma tana kakkaɓuwa. Wannan laushi gare shi, irin baƙin gindin tukunya. Na ce to, daga ina? Kuma ko'ina a gidan haka yake, ko nan ne kawai?

Na yanka ƙyallaye huɗu daga yadi ɗaya, na shafa wa kowanne basilin daidai wa daida. Na ɗaure ɗaya a tagar ɗakin ɗinki, ɗaya a kicin, ɗaya a falo, na ƙarshe a jikin kujerata ta baranda, daidai inda hancina yake kaiwa idan na jingina.

Inna ta gan ni ina ɗaurawa. "Wannan kuma wane sabon salo ne?"

"Gwaji nake yi, Inna."

"Allah ya shirye ki. Mai ciki da wasan yara."

Kullum da safe sai in zagaya in duba su kamar mai kiwon kaji. Na kicin ya ɗan yi rawaya. Na falo ya fara toka-toka. Na ɗakin ɗinki, ɗakin da aka ce babu iska, yana nan kusan yadda na yanka shi. Na baranda kuwa kafin mako ya zagayo ya koma kamar tsumman da maigidana yake goge hannu da shi.

Ran nan da yamma na leƙa ƙasa sosai, na bi hayaƙin da ido. Injinan suna ruri, salansa tana kallon bango, hayaƙin ya bugi bango ya rasa hanya, sai ya miƙe sama, ya biyo ta ƙarƙashin ƙarfen baranda. Na motocin ma iskar titi tana turo shi, ya haɗu da namu. Wannan 'yar iskar da ke kaɗa gefen mayafin Inna tana cewa "kin ji daɗinta ko," ita ce take kawo shi. Na saba da warin har na daina jin sa.

Ban ce wa kowa komai ba, don ban tabbatar ba, kuma na san halin bakina. Na naɗe ƙyallayen a leda. Ranar awo na matsa wa maigidana ya rufe shago ya biyo mu. Da likita ta gama aune-aunenta ta ce har yanzu Ta Hagu ba ta taɓuka abin kirki ba, sai na zaro ledar na jera su a teburinta, na gaya mata yadda na yi.

Ta ɗaga farin. "Wannan daga ina?"

"Ɗakin da nake ɗinki."

Ta ɗaga baƙin da yatsu biyu. "Wannan fa?"

"Inda nake shan iska."

Likita ta ajiye ƙyallen. Ta tambayi yadda gidan yake, maigidana ya yi mata bayani da kansa, har da motocin, har da salansar da yake juyawa bango. Yana cikin faɗa muryarsa ta yi ƙasa, don shi ma a lokacin yake jin abin da yake faɗa.

Likita ta cire gilashinta. "Ni na ce ta sha iska. Nufina ta ɗan taka a wuri mai sarari. Da Mama ta ce kullum ana yi, ya kamata in tambaya a ina, ban tambaya ba."

"To likita," na ce, "shi ne ya tsayar da ita? Idan shi ne, me ya sa bai tsayar da Ta Dama ba? Ai tare muka shaƙa."

"A gidanku idan ruwan famfo ya yi rauni, ina yake fara ɗaukewa?"

"Sama, wajenmu. Na shago ba ya ɗaukewa."

"To Ta Hagu ce a sama. Tun farko rabonta a mabiyiyar bai kai na 'yar uwarta ba. Hayaƙi irin wannan ba a huhu kaɗai yake tsayawa ba, yana iya rage abin da ke isa gare su, kuma mai ƙaramin rabo ita ke fara ji. Amma ki saurare ni da kyau. Ko a gidan da babu hayaƙi tagwaye sukan yi haka. Ba zan ce miki shi ne ba, ba kuma zan ce ba shi ba ne. Abin da na sani, daga yau kin bar barandar nan."

Inna kuwa tana zaune a gefe. Idonta yana kan baƙin ƙyallen har muka tashi.

A mota haushi ya cika ni fal. Wata da watanni ina cewa kaina yana ciwo ana ce mini laulayi. Maganganu suka zo mini har bakin leɓe, na haɗiye su, na juya fuskata waje. Na san Inna ta ji shirun nan sarai.

Muna isa maigidana ya kulle ƙofar baranda, ya toshe ƙasanta da tsumma. Ya aro baro, duk injin da ya gyara sai ya tura shi can wani fili bayan tasha ya tayar a gaban mai shi. Wasu suka yi ƙorafin nisa, wasu suka daina kawo masa aiki, ko a jikinsa. Motoci kam ba mu da iko da su, suna nan suna taka totur. Aka mayar da katifata ɗakin ɗinki. Da na shiga na tarar an kwance keken, an goge shi, an ninke zanen gadon an ajiye a gefe.

Inna ta canza. Tana girki, tana wanki, tana kawo mini abinci ta ajiye ta fita. Ta daina ba da umarni, ta daina ce mini 'yar nan. Na gwada tsokanarta, na zauna a keke na taka da ƙarfi don ta zo ta yi faɗa, ba ta leƙo ba. Wallahi sai na ji ina kewar faɗan.

Ciwon kai ya tafi. Ta Hagu ta ɗan ƙara, har likita ta yi murmushi sau ɗaya, amma ba ta kamo 'yar uwarta ba, daga baya kuma ta sake tsayawa. Cikin wata na takwas likita ta ce zamanta a waje ya fi mata zaman ciki. Aka yi mini aiki. Ta Dama ta fito da tsala kuka, duk ɗakin ya ji ta. Ta Hagu ban ji muryarta ba, na dai ga an wuce da ita da sauri aka sa ta a kwalba.

Da na iya tashi aka tura ni a keken marasa lafiya na je na gan ta. Cinyarta ba ta fi babban yatsan babanta ba. Ga 'yar roba a hanci, ƙirjin yana hawa da sauka da sauri, wani lokaci ya tsaya har na'ura ta yi ƙara, sannan ya ci gaba. Nas ta ce bakwaini haka suke, sukan manta su ja numfashi. Na yi kuka a wajen, ban ji kunyar kowa ba.

Inna kullum tana asibiti. Ita ke kawo ruwan zafi, ita ke wanke kayan Ta Dama, ita ke goya ta idan na gaji. Amma ɗakin kwalba ko ƙofarsa ba ta taɓa zuwa ba. Sai ta zauna a benci a waje, ta tambayi duk wanda ya fito, "Yaya take?"

Da aka cire wa Ta Hagu robar hanci, nas ta ce yanzu abin da take buƙata ƙirjin mutum ne. A kwantar da ita fata da fata, a rufe, ta daɗe a haka kowace rana, shi zai sa ta yi nauyi. Na gwada, amma ɗinkina bai warke ba, ga Ta Dama ba ta sakin nono, babansu kuma sai yamma yake samun zuwa.

"Ba kakarsu ce a waje ba?" in ji nas. Ta fita, ta dawo ita kaɗai. "Ta ce a nemi wata."

Na dafa bango na ja ƙafa har bencin. Inna ta miƙe da sauri za ta riƙe ni.

"Koma ki kwanta, ɗinkin zai buɗe."

"Inna, ku zo ku ɗauke ta."

"A'a. Ni na zaunar da ke a wurin nan. Ni na tsare ƙofa. A nemi wata."

"Wa zan nema? Ku kaɗai gare ni."

Sai ta ajiye fulas ɗin da ke hannunta. Ta wanke hannu har gwiwa, ta sake wankewa, sai da nas ta ce ya isa. Aka sa mata rigar asibiti, ta zauna a kujera, aka ciro Ta Hagu aka kwantar a ƙirjinta aka rufe su da tawul. Kan yarinyar kaɗai ake gani, cikin 'yar hula.

Ni kuwa na zauna ina kallo, halina ne. Sai na ga wani abu da ban gane ba. Inna ta kawar da fuska can gefen bango, wuyanta a sandare. Tawul ɗin ba ya motsi. Sai ta daɗe sannan ta ɗan zuƙi iska ta gefen baki, ta sake ƙamewa. Jijiyoyin goshinta har sun tashi.

"Inna, me ya sa kuke riƙe numfashi?"

Ba ta juyo ba. Da ƙyar ta buɗe baki.

"Kada in hura mata wani abu."

Nas tana rubutu, ta ajiye biron ta zo ta durƙusa a gabanta. "Mama, ai numfashinki muke so. Hawa da saukar ƙirjinki take ji, shi yake tuna mata ta ja nata. Idan kika riƙe, ba ta da wanda za ta bi."

Inna ta dube ni, idonta ya cika. Na gyaɗa mata kai. Ta juyo da fuskarta a hankali ta kalli 'yar hular, ta saki numfashi mai tsawo yana rawa. Ta ja wani, tawul ya ɗaga, yarinyar ta ɗaga tare da shi. Ta saki, suka sauka tare. Hawaye yana bin kuncinta, ba ta da hannun sharewa, ni na matsa na share mata da gefen mayafina.

Can da lokaci ya yi nas ta zo za ta mayar da ita kwalba. Inna ta ɗora tafin hannu a bayan tawul ɗin.

"Ɗan dakata, 'yata," ta ce. "Yanzu muka fara daidaitawa."